Yadda ake bi da ƙibar yaro tun ba ta zama ciwon suga ba

Shekara 31 na yi ina ɗora yara a sikeli a ƙananan asibitocin cikin garin Sakkwato da ƙauyukan kewaye, kuma duk lokacin da na rataya yaro fatana guda ne, allura ta matsa gaba. Wanda ya yi aiki da tamowa ya san abin da nake nufi. Uwa za ta kwance goyo ki ga ƙafafu kamar sillen kara, gashi ya yi ja ya kwanta, ki yi ta addu'a wata mai zuwa a samu ƙarin ko da rabin kilo ne. Idon da ya saba da wannan, in ya ga yaro ɓul-ɓul sanyi yake ji. Shi ya sa ranar da ɗiyata ta kawo mini ɗanta hutun makaranta daga Arkilla zuwa gidana a Mabera, na ga kumatu sun cika, wuya ya yi guru, ba abin da ya fito bakina sai, "Tubarkalla, maigidana ya murje!" Ni da na ci abinci da aikin lafiya har na yi ritaya.

Kwana uku da zuwansa na lura bayan wuyansa ya yi baƙi. Na ce wankan da yake yi wa kansa ne ba ya fita, ɗan shekara 9 ina ya san cuɗa. Na zaunar da shi bakin famfo, na sa soso da sabulu na shiga dirza, yana zillewa yana cewa, "Kaka, da zahi hwa!" Na ɗauraye kumfa, baƙin yana nan. Na shafa da yatsa na ji fatar ta yi kauri, ga laushi kamar karammiski. Na ɗaga hannunsa, hammata ma haka. Sai da na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna, domin na san wannan baƙin. Na gan shi a wuyan kakansa, marigayi Malam, shekaru kafin a ce mana yana da ciwon suga, kafin gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa da shanyewar ɓarin jikin da ta zama ajalinsa. Allah ya jiƙansa.

Ga yadda muka bi da lamarin cikin shekara ɗaya da rabi, har da inda na yi kuskure. Sai dai in ba ki san abin da ƙibar ke yi a cikin jiki ba, ba za ki iya tsayawa gaban surukarki ki hana jikanta lemo ba, don haka da shi zan fara.

Abin da ke faruwa a ciki

Duk abin da muka ci mai gari ko mai zaƙi, tuwo ne, shinkafa ce, burodi ne, jiki na mayar da shi suga ya zuba cikin jini. Sugan nan ba ya shiga tsoka da kansa, sai an yi masa iso. Mai yin ison wani sinadari ne, insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas, take fitarwa. Ki ɗauke shi kamar ɗan aike mai sallama a zaure. A jikin da ke lafiya, sallama ɗaya ake buɗewa. Idan kitse ya taru, musamman na ciki wanda ke nannaɗe hanta da hanji, sai masu gida su yi nauyin kunne. Fankiriyas ta ƙara turo 'yan aike, biyu, biyar, goma, don a samu a buɗe. Shekaru ana haka, awon suga yana nuna lafiya lau, alhali gaɓar tana aikin mutum goma. Yawan insulin ɗin nan da ke yawo cikin jini shi ke sa fatar wuya da hammata ta yi kauri ta yi duhu. Ranar da gaɓar ta gaza, sugan ya tsaya cikin jini, sai a ce wane ya kamu da ciwon suga. Wanda ya fara wannan wahala yana ɗan shekara 9, ki lissafa shekara nawa gaɓarsa ta yi tana dako kafin ya kai 35.

Zuciya ma ba ranar tsufa take fara lalacewa ba. A wani ƙaramin gari mai suna Bogalusa a jihar Luwiziyana ta Amurka, likitoci ƙarƙashin Gerald Berenson sun fara bin yaran garin da awo tun farkon shekarun 1970. A 1998 suka fitar da abin da suka gani a jijiyoyin jinin mutum 204 'yan shekara 2 zuwa 39 da suka mutu, akasarinsu ta haɗari ko kisa. Sun tarar maiƙo ya fara liƙewa a bangon jijiyoyi tun ƙuruciya, kuma ya fi yawa ga masu ƙiba, masu hawan jini da masu yawan kitse a jini. Duk macen da ta taɓa ganin yadda man shanu ke daskarewa a makwarara lokacin ɗari ta gane hoton. A Isra'ila kuma an auna matasa miliyan 2.3 suna wajen shekara 17, aka bi su shekaru da yawa, sakamakon ya fito a 2016: masu ƙiba sosai a wancan lokaci sun kusa ninka tsaransu sirara sau biyar wajen mutuwa ta toshewar jijiyoyin zuciya.

Mu kan ce ai in ya girma zai zube. Wasu na zubewa, amma da aka haɗa bincike da yawa wuri guda an ga fiye da rabin yara masu ƙiba suna shiga balaga da ita, kuma kusan 8 cikin 10 na matasa masu ƙiba suna girma da abarsu.

Abin da ya hana ni zama in yi tagumi shi ne bincike biyu. A 2011 an fitar da sakamakon bin mutum 6,328 a Amurka, Ostireliya da Finlan tun suna yara har bayan shekara 20 da wani abu. Wanda ya yi ƙiba yana yaro ya kuma girma da ita, haɗarin ciwon suga a gare shi ya haura ninki biyar. Wanda ya yi ƙiba yana yaro amma ya rabu da ita kafin girma, haɗarinsa ya koma daidai da na wanda bai taɓa yin ƙiba ba. A 2018 kuma aka duba maza 62,565 a Danmak: wanda nauyinsa ya wuce ƙima yana ɗan shekara 7 amma ya daidaita kafin 13, ba a ga bambancinsa da sauran ba. Jikana na da 9. Shekara huɗu ke hannuna, kuma da wannan lissafin na kira uwarsa a waya.

Wani abu da ya shafe mu a nan fiye da Turawa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma yankinmu na arewa maso yamma ne kan gaba. Wani likita ɗan Ingila, David Barker, ya nuna tun ƙarshen shekarun 1980 cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya in sun girma, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna abin ya fi tsanani ga wanda aka haifa ƙarami sannan ya yi ƙiba da sauri. Jikana kilo 2.3 aka haife shi. Tausayin wannan ƙanƙanta ne ya sa kowa a dangi ya yi ta ɗura masa, ni ce kan gaba.

Ki fara da igiya

Ido na ruɗi, musamman idon uwa. Ki sami igiya ko zaren buhu. Yaro ya tsaya ba takalmi, ya jingina da bango, ki auna igiyar daga tsakar kansa zuwa ƙasa ki yanke. Ki ninka ta biyu. Ki zagaya cikinsa da ita a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wato ɗan sama da cibiya, bayan ya saki numfashi, kada ya shanye ciki. In bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, faɗin cikinsa ya wuce rabin tsawonsa, kitsen ciki ya fara yawa ke nan. Wannan awo na yi daga shekara 5 zuwa sama, kuma ke ma ki gwada a jikinki in yara sun yi barci. Na gwada, ban ji daɗi ba.

Na jikana sai da ya rage wajen yatsa huɗu. Da na sa tef ɗin tela, tsawo santimita 134, ciki 74, alhali bai kamata ya wuce 67 ba.

Sai sikeli. Ana raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Nasa kilo 42, tsawo mita 1.34, sai na raba 42 da 1.34, abin da ya fito na sake raba shi da 1.34, na sami 23.4. A nan mutane ke ruɗewa, domin sun ji an ce sai an kai 25 ake maganar wuce ƙima, 30 kuma ƙiba. Wannan na manya ne. Yara jadawalinsu daban, ya danganta da shekaru da kuma namiji ne ko mace. Ga namiji ɗan shekara 9, a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, layin ƙiba yana wajen 20 da rabi. Ki kai lambar asibiti a ɗora miki a jadawali. Ɗan ƙasa da shekara 5 kuwa kada ki yi masa wannan lissafi da kanki, katin awonsa da ma'aikaciyar lafiya su za su faɗa, kuma jariri mai shan nono da ya yi ɓul-ɓul ba a rage masa komai.

Sai ki sa wa ranki abin da ake nema. Yaro mai girma ba kamar babba ba ne da za a ce ya zubar da kilo 10. Galibi abin da ake so nauyin ya tsaya ko ya riƙa tafiya a hankali, tsawo ya zo ya cim masa.

Abin sha kafin abinci

In abu guda kawai za ki iya canzawa, to ki canza abin da yake sha. Mafi yawan lemon kwalba mai zaƙi na ɗauke da suga wajen giram 10 a kowane mililita 100, yana rubuce a jikin robar in kin duba. Ƙaramin cokalin shayi giram 4 yake ɗauka. Robar nan ta rabin lita ke nan wajen cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi, sugan da ake ƙarawa a ci da sha kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na abincin yini, wajen cokali 6 ga babban mutum, kuma zuma da lemon kwali duk suna cikin lissafin.

Ban yi wa surukina dogon bayani ba. Ranar da suka zo ɗaukar yaron na kawo kofin gilashi da gwangwanin suga na aje a tabarma, na ce wa jikana ya ƙirga. Ɗaya, biyu, har 12. Sugan ya taru fari fat a gindin kofin. Na tura gaban uban na ce, "Alhaji ƙarami, ba shi ya shanye." Ya ce, "Haba Inna, wa ka ba yaro wanga?" Na ce kai, kullum in ka dawo kasuwa, wata rana har biyu. Ya yi shiru yana kallon kofin. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta irin wannan lemo a 2022, ban ga wanda naira 10 ta hana sha ba, amma kofin nan ya hana.

Kada ki ce tunda na gida ne lafiya lau. Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, har hurarmu ta gero da nono, wadda abinci ce mai kyau ƙwarai, duk muna kashe su da suga. Shayin safe kuwa madarar gwangwani mai zaƙi, ga suga cokali uku, ga burodi. Kada ki yanke gaba ɗaya rana guda, za a yi yaƙi ki sha kaye. Ki riƙa rage rabin cokali duk mako ba tare da sanarwa ba. Harshe na sabawa. Zoɓo ki ƙara masa citta da kanumfari da ɓawon abarba, fura ki dama ta da nono mai kyau. A wata na biyu jikana da kansa ya ce zoɓon makwabta "ya cika zaƙi".

Kuma ki yi wa yaro adalci, ƙishirwar Sakkwato gaskiya ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, ga wuta ba ta zama. Yaro ya dawo makaranta maƙogwaro a bushe, duk abin da ya tarar mai sanyi shi zai sha. Ki tabbata abin da zai fara tararwa ruwan randa ne, da moɗa a kai, inda hannunsa zai kai.

Tukunya ɗaya

A nan na yi kuskurena. Makon farko, da zafin abin da na gani, na ware masa abinci, na hana shi tuwon dare, sauran yara na ci yana kallo. Kwana biyar ina shara na ɗaga katifarsa na tarar da ledojin biskit bakwai. Da na tambaye shi sai ya fashe da kuka ya ce, "Kaka, ke ba ki so na yanzu." Yaron da na goya. Daga ranar na gane ba a yi wa yaro guda doka a gidan da kowa ke cin abin da ya ga dama. Abin da za a canza a canza shi a tukunyar gida, kowa ya ci, har uban. Siraran ma ba abin da zai rage su.

Ma'auninmu hannun yaron ne, domin yana girma tare da shi. Malmalar tuwo ko shinkafa kamar dunƙulen hannunsa, in ya yi wasa sosai a ɗan ƙara. Nama, kifi, ƙwai ko wake kamar tafin hannunsa. Ganye kuwa cike da hannu biyu, kuma a nan Allah ya rufa mana asiri: zogale, rama, tafasa, sure, alayyafo, kabewa, kuɓewa, ga albasa da tumatir da karas na fadamun Kware da Wamakko da rani. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli kafin tuwo na cika ciki. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa riƙe yaro, shinkafar ma in an haɗa ta da wake ta fi.

Mai ki daina tuttulawa daga galan, ki sa cokali ki san nawa ya shiga. Soye-soye, fanke, cincin, dankali, awara, mun mayar da su sau biyu a mako maimakon kullum. Taliyar leda da yake cin guda biyu da ƙwai biyu da dare ta koma ɗaya, jefi-jefi, da kabeji da karas a ciki, a zuba rabin garin ɗanɗanon kawai, domin gishiri ne zalla, hawan jini kuwa tun ƙuruciya yake kafa gindi.

Mun taso ana ce mana a cinye, albarka na cikin lomar ƙarshe. Ban ja da wannan ba, sai dai ki zuba kaɗan yadda zai cinye ba dole. In ya nemi ƙari ya sha ruwa a ɗan jira kamar minti 15, in har yanzu yana so a ƙara masa miya da ganye. Sau da yawa kafin lokacin ya tashi wasa. Ai mun san hadisin da ke cewa sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi, a allo kawai muka bar shi.

Kuɗin tara su ne ɓarauniyar hanya. Duk gyaran da kika yi a gida, mai tallan alawa da lemon leda a ƙofar makaranta na iya warware shi. Mun rage kuɗin, muka koma sa masa dafaffen ƙwai, gujiya, yankan kankana ko gwaiba, wata rana dabino uku da aya, da gorar ruwa. Karin safe kada a tsallake, wanda ya fita da yunwa shi ke afka wa fanke.

Ragon layya

Ana so yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya yi aƙalla minti 60 kullum yana motsin da zai sa shi haki da zufa, ba lalle a jere ba. Mu da muka taso da langa da gaɗa da ɗebo ruwa ba wanda ya ƙirga mana. Yanzu kabu-kabu ke kai yaro boko, ya dawo da shi, ya kai shi Islamiyya, tsakani kuma waya ce a hannu. Iyaye na tsoron barin yara waje, ban ga laifinsu ba a wannan zamani.

In kika ce wa yaro mai ƙiba ya tashi ya yi gudu, horo ya ji. Aiki za ki ba shi mai daraja. Uban ya sayi ɗan rago watanni kafin layya, na ce a damƙa wa maigidana. Shi ke ba shi dusa da ruwa, bayan la'asar in rana ta yi sanyi ya ja shi su zagaya unguwa da ɗan makwabta. Ragon nan ya fi kowane malamin motsa jiki, domin in ya fizge sai an bi shi da gudu. Islamiyya tafiyar minti 12 ce, aka daina kiran kabu-kabu. Asabar da sassafe uban kan kai shi wajen filin wasa na Giginya su zagaya, shi ma teɓarsa ta amfana.

'Yan mata su aka fi zalunta. Da yarinya ta fara girma sai a ce ta zauna ta natsu, daidai lokacin da jiki ke tara kitse. Tsakar gida ta isa tsallen igiya da 'yar gala-gala da gaɗa, ki bar su su yi, ki shiga ma in gwiwa ta yarda.

Barci: ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12, wanda bai samu ba yunwa ta fi damunsa washegari. Waya na kwana ɗakin uwa. Ba a cin abinci gaban talabijin.

Mutanen gida

Wannan ya fi rage suga wuya. Kakarsa ta wajen uba da ta ji labari ta zo har gida. "Mi kuka nuhi da yaron ga? So kuke a ce ubanai ya kasa ciyar da shi?" Ban yi musu da ita ba, don na san daga ina maganar ta fito, ta binne 'ya'ya biyu suna ƙanana a shekarun da abinci ya yi wuya. Na ce, "Hajiya, taho ki gani." Na kira yaron kamar zan gyara masa wuyan riga, na nuna mata da ido. Da ya fita na ce irin na Malam ne, kin kuwa ga yadda ya ƙare. Ita ma tana shan maganin hawan jini. Na roƙe ta ta riƙa aiko masa da kwaɗon ramarta, don nawa bai kai nata ba, wanda gaskiya ne. Yanzu ita ke kora masu kawo masa alawa. Kaka so take ta bayar, in kin hana ta wannan sai ki ba ta wani abin bayarwa.

Sunayen tsokana, lukuti, buhu, tulu, a hana su a gida, har daga bakin kawunnai masu cewa wasa ne. Yaron da ake yi wa dariya ɓuya yake yi ya ci, kuma ya daina fita wasa. Awo sau ɗaya a wata ya isa, daga ke sai shi.

Ƙanwarsa siririya ce, lafiyarta lau, tana bin layinta a kati. Wata makwabciya ta ba uwar shawarar ta sayo mata maganin ƙiba a kemis, irin wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Da yawansu akwai deksametason a ciki ko ana haɗawa da shi. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, a ce yarinya ta yi kyau, alhali maganin na ɗaga suga da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, yana tsayar da tsawo. Kada ki ba ɗanki. In kuma an daɗe ana ba shi, kada ki tsayar rana guda, wannan ma haɗari ne, likita zai janye shi a hankali.

Yaushe za a je asibiti

In igiya ta ƙi haɗuwa kuma akwai ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki tsaya gyaran gida kaɗai: baƙin wuya irin wanda na faɗa, ciwon suga a wajen uwa, uba ko kakanni, uwar ta yi sugan ciki lokacin goyon cikinsa, minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, ciwon kai mai yawa, ɗingishi ko ciwon ƙugu da gwiwa. Budurwa mai ƙiba da al'adarta ke tsalle-tsalle, ga gashi a haɓa, ita ma a duba ta. Yaron da ke ƙiba amma tsawonsa ya tsaya, wannan ba na abinci ba ne kawai, sai an bincika. Asibitin unguwa zai auna, in da buƙata a tura ku sashen yara na Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ki nemi a auna jininsa da abin ɗaurawa daidai hannunsa, ƙarami kan nuna hawan da babu. Awon suga ana zuwa da safe ba a karya ba. Ƙasa da 5.6 lafiya, 7.0 zuwa sama in an maimaita ciwon suga ne, tsakaninsu gargaɗi. In na'urar mai manyan lambobi ce, 100 da 126 ke nan. Na jikana 5.4 ya nuna, muka yi hamdala, amma na san fankiriyas ɗinsa ce ke biyan kuɗin wannan lamba.

Kada a haɗa wannan da wani ciwon suga na daban da ke kama yara ko sirara ne, wanda ba ruwansa da ƙiba. Yaro ya riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari dare da rana har a shimfiɗa bayan ya daina, tururuwa na bin wurin, yana ci yana ramewa cikin 'yan makonni. Wannan a ranar ake kai shi asibiti, ba a jiran gobe, ba a tsayawa jiƙe-jiƙe.

Mai ciki kuma ta nemi a auna mata suga tsakanin mako 24 da 28. In ta haihu, nono zalla wata 6, ko ruwa ba a ba shi, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2.

A jikin ƙyauren ɗakina akwai zane-zanen fensir, kowane da kwanan wata. Na ƙarshe ya nuna santimita 142. Nauyi kilo 43, wato kilo ɗaya kawai ya ƙara cikin wata 18 yayin da ya yi tsawon santimita 8. Lissafin ya sauko 21.3, ya fita layin ƙiba na shekarunsa, amma har yanzu yana sama da inda ake so. Na yanki sabuwar igiya na ninka, bakin biyu suka taɓa juna da ƙyar, ya ce in bar masa ita ya nuna wa ubansa. Wuyan ya yi haske, bai goge duka ba.

Azumi na tafe, kuma bara a nan muka yi baya, don kullum da magariba tabarma cike take da soye-soye da jarkar zoɓo. Bana na riga na gaya wa uwarsa tsarin: dabino uku da ruwa, a tashi a yi salla, a dawo a sha kunu da ƙosai biyar, kankana a tsakiya, tuwo sai bayan asham. Ya ce zai kai azumi 15. Hajiya ta ce kwaɗon sahur nata ne.